Gansakuka a Fangalin Shinkafa: Yadda Muke Rainonta a Bakin Farin Nilu

Abin da manomin shinkafa yake saye a buhun yuriya shi ne naitirojin, kilo 23 a cikin buhu mai kilo 50. Iskar da ke kaɗawa a saman gonarsa kuwa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, sai dai shinkafa ba ta iya cinsa daga iska. Akwai wata irin gansakuka da take iyawa. Ita ce mai launin kore da ya ja zuwa shuɗi, wani lokaci har baƙi-baƙi, wadda ke kwanciya a kan taɓo ko ta taso saman ruwa kamar ɓawon madara. Masana sun ce asalinta ƙwayoyin bakteriya ne masu cin hasken rana kamar tsiro, amma mu a gona gansakuka muke kiranta. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023, taki ya yi tsada kuma ba kullum ake samunsa a kasuwar Kosti ko Duwaim ba, shi ya sa muka mai da hankali ga rainonta da hannunmu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1939 wani masani ɗan Indiya, P. K. De, ya nuna cewa wannan gansakuka ce take riƙe da ƙarfin gonakin shinkafar da ake nomawa shekara da shekaru ba taki. Daga baya G. S. Venkataraman, a cibiyar binciken noma ta Niyu Delhi, ya tsara hanyar rainonta a tire ko rami, a busar, a watsa a gona. Ma'aunan da muka fara da su nasu ne, amma ƙasarmu da ranarmu sun tilasta mana gyara wasu.

Ƙasar nan baƙar laka ce mai tsagewa idan ta bushe, ba ta da naitirojin sosai, kuma tana da kanwa-kanwa: ma'aunin pH ɗinta yakan wuce 8. Wannan ya yi wa gansakukar daidai, domin ƙasa mai tsami ce ba ta so. Littattafan Indiya sukan ce a zuba farar ƙasa a ramin raino. Mu ba mu buƙata, wanda ya zuba ma ɓata ramin zai yi. Sharaɗin da ba ya sauyawa shi ne ruwa kwance. Mai noman shinkafar tudu irin Nerika, wadda ake ba ta ruwa kamar dawa ya tsotse, kada ya wahalar da kansa. Maganar ta mai fangali ce, wanda yake da kunya mai riƙe ruwa da babur ɗin da zai cika ta (a nan injin ban ruwa muke kira babur, kada 'yan'uwa na Kano su zaci abin hawa).

Wahala ta farko ita ce samun iri, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin ba duk koren abu a kan ruwa ne ake nema ba. Wadda ta fi yawa a tur'a, wato magudanar ban ruwa, ita ce mai zare-zare, kore shar, wadda idan ka cusa kara ka ɗago sai ta biyo shi kamar jiƙaƙƙen gashi. Wannan ba ta kama naitirojin ko kaɗan, cin wanda ka zuba ma take yi. Tamu idan ka cusa mata kara ba ta biyowa da zare; ko ta shafe karan kamar fenti, ko ta ɓare faifai-faifai, ko ta zo a dunƙule da santsi kamar yauƙin kuɓewa da ya daskare. Warinta na jiƙaƙƙiyar ƙasa ne. Akwai kuma wata da ke mai da ruwan tafki kore kamar an dama kuka, ta taru a gaɓa tana wari. Ita ma 'yar gidan ce, amma galibi ba ta da amfanin da ake nema, kuma wasu irinta suna da dafin da ke kashe dabba idan ta sha. A bar ta inda take.

Mu daga tsofaffin fangalai muka ɗebo, bayan girbi, lokacin da ruwa ya janye taɓo ya fara bushewa. A ƙananan kwari inda ruwa ya fi daɗewa za ka ga wani baƙin ɓawo siriri ya naɗe gefensa sama kamar ƙanzo. Shi muke kankarewa da wuƙa ko bakin kwano, kaurin rabin santimita kawai, daga wurare goma ko fiye, a haɗa. Haɗawar tana da dalili: iri-iri ne a ciki, wani ya fi jure zafi, wani ya fi jure inuwa, wanda yanayi ya yi wa daɗi shi zai yi rinjaye. Ba mu sa rai ga irin da za a kawo daga wata ƙasa ba. Binciken da aka yi a cibiyar shinkafa ta duniya da ke Filifin ya nuna cewa sau da yawa irin da ke cikin ƙasar tun asali shi ne yake danne baƙon da aka kawo. To tunda haka ne, gara a raini na gida.

Kafin mu yawaita shi sai da muka jiƙa kaɗan a kwano na kwana biyar muka kai ɗakin gwaji aka duba da madubin likita. Abin da ake nema a gani shi ne zare mai ƙwayoyi jere kamar carbi, kuma bayan 'yan ƙwayoyi sai ka ga ɗaya ta fi sauran girma da haske, kamar ƙwayar da ke raba talatin da uku. A cikin wannan babbar ake kama naitirojin. Tana da kauri a bango domin sinadarin da ke yin aikin ba ya shiri da iskar oksijin, ita kuwa gansakuka duk yini oksijin take fitarwa. Anabaena, Nostoc, Aulosira, Tolypothrix da Calothrix duk suna da wannan ƙwaya. Idan mai dubawa ya ce zare ne sumul ba babbar ƙwaya, a sake ɗebowa daga wani wuri.

Ramin raino mita 2 ne a tsawo, mita 1 a faɗi, zurfi kamar santimita 23, wato taƙi guda. A fili yake, inda rana ke samunsa, nesa da turken dabbobi. Dole a shimfiɗa masa mushamma (tampol) ko leda mai kauri, domin lakarmu tana tsagewa ta shanye ruwan cikin dare ɗaya. A daidaita ƙasan ramin sosai. In ya karkata, gefe ɗaya zai bushe ɗayan yana da zurfi.

A kan mushammar ana baza ƙasa kilo 8 zuwa 10. A nan muka fara karo da matsala. Da muka zuba lakar gona zalla, ruwan ya ƙi kwantawa, ya zauna fari-fari kwana da kwanaki, haske bai kai ƙasa ba, gansakukar ta ƙi tashi. Wadda ta ɗan tashi kuma da ta bushe sai ta manne da lakar ta zama ɓaraguzai masu tauri kamar fasasshen tulu, ba sa watsuwa. Maganinsa shi ne a raba biyu: rabi lakar gona da aka daka aka tace da rariya, rabi yashi mai laushi. Kada a sa takin shanu da nufin ƙara mata ƙarfi. Naitirojin ɗin da ke cikinsa koriyar mai zare yake kira, ita kuma tamu idan ta sami naitirojin a ɓagas sai ta daina kamawa daga iska.

Abincin da take buƙata daga hannunka fosfaras ne. Ma'aunin asali giram 200 ne na takin supa mai sauƙi, wanda ƙarfinsa kashi 16 ne cikin ɗari. Amma supan da aka fi sayarwa a nan mai ninki uku ne, kashi 46, saboda haka giram 70 ya isa rami guda. Wanda ya zuba masa 200 ya yi asarar taki. A niƙa shi a gauraya da ƙasar. Kada a musanya shi da takin DAP, domin akwai naitirojin a cikinsa.

Sai ruwa, zurfin santimita 10, wanda a wannan rami lita 200 ne, barmil (ganga) guda. Ruwan Farin Nilu ya fi na Shuɗin Nilu sauƙin laka, amma duk da haka mukan bar shi ya kwana a barmil kafin a zuba. 'Yan'uwanmu na wajen Sinnar da Mai Wurno, waɗanda ruwansu ke zuwa jajir da laka daga tsaunukan Habasha da damina, su ne suka fi buƙatar wannan. A zuba a hankali a kan faranti don kada ya tono ƙasar, a jira ruwan ya yi garau, sa'an nan a barbaɗa irin a sama, giram 250, kimanin tafi biyu. Ba a motsawa bayan haka.

Daga Maris zuwa Mayu muke wannan aiki, lokacin da rana ta fi ƙarfi, don irin ya kasance a hannu kafin dashe. A wannan zafi rami yakan rasa kusan santimita 1 na ruwa a yini, wato jarka guda mai lita 20. Kowace yamma a mayar masa, ta gefe, a hankali. Zafin da gansakukar ta fi so tsakanin digiri 30 ne da 35, mu kuwa a Afrilu iska ma takan wuce 40, ruwa marar zurfi a kan baƙar leda ya fi haka. Idan ramin ya yi zafi da yawa za ka ga launin ya koɗe ya koma rawaya-rawaya. Abin da ya yi mana magani shi ne rumfar kara mai ratsi, wadda ke tare ranar tsaka ta bar ta safe da ta yamma, da kuma rufe duk inda ledar ta fito fili da ƙasa. Idan aka ga habub, wato guguwar ƙura, ya taso a rufe ramin da buhu ko tabarma har ya wuce, domin ƙurar da zai zuba tana binne abin da aka raina.

Kwana uku zuwa huɗu za ka ga ƙasan ramin ya yi duhu, da hantsi kuma ƙananan kumfa sun tsaya a kai kamar an watsa duwatsun ado. Kumfar nan ce take ɗago gansakukar. Daga kwana bakwai zuwa goma sai ta fara tasowa sama faifai-faifai, cikin mako biyu ta rufe ruwan. Idan kwana goma sun wuce ruwa yana nan garau, ko ta fara tashi ta ɓace, to akwai mai cin ta. Ɗebi ruwan a farin kofi ka duba da kyau: wasu 'yan halittu ne kamar ƙwayar gero masu ɓawo biyu suna zirga-zirga, ko jajayen tsutsotsi a cikin taɓo, ko ƙananan dodon koɗi. Su ne manyan abokan gabarta, kuma suna iya share rami cikin kwana biyu. Tsofaffin littattafai sukan ce a zuba kabofuran, wanda ake sayarwa da sunan Furadan. Mu ba mu taɓa shi ba kuma ba mu ba kowa shawarar taɓawa: guba ce mai kashe kifi da tsuntsu da kaji, ga yara suna wasa kusa da ramukan. 'Ya'yan darbejiya da aka busar aka daka, tafi guda a rami tun ranar farko, suna rage su sosai, kuma suna taimakawa a kan tsutsar sauro. Dodon koɗi kuwa da cokali ake tsince shi ba da hannu ba, domin shi ne mai ɗauke da tsargiya a tur'o'inmu.

Idan faifan ya yi kauri sai a daina ƙara ruwa, a bar rana ta yi aikinta. Cikin kwana huɗu zuwa shida zai bushe ya tsattsage ya nannaɗe. Kada a kwashe shi da danshi, ruɓewa zai yi a buhu. Busarwar ba ta kashe shi, domin kafin ruwa ya ƙare yakan yi wasu ƙwayoyi masu taurin ɓawo da ke kwanciya barci har su sake jin ruwa. Rami guda yakan ba da kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a zagaye ɗaya, haɗe da 'yar ƙasar da ta manne. Zagayen farko duka iri muke mai da shi, a raba wa sauran ramuka. Ana iya sake cika ramin da ruwa ba tare da sabon iri ba, abin da ya rage a ƙasar zai tashi, amma bayan zagaye uku a canza ƙasar a sake supa. Fadan guda (ma'aunin filinmu a nan, bai kai rabin hekta ba) yana buƙatar kilo 4 zuwa 5, daidai da kilo 10 da ake ba hekta. Mai fadan biyar ke nan yana neman kilo 20 zuwa 25: ramuka huɗu, zagaye uku ko huɗu, kowane zagaye kusan mako uku. Wanda bai fara ba sai Mayu, ya makara.

Ajiya a buhu mai tsabta, a ɗaki busasshe, a kan katako. Kada ya zama buhun da aka taɓa zuba yuriya ko maganin ciyawa, kada kuma a jingina shi da su. A haka yakan kai shekara biyu zuwa uku da ransa.

A gona, rabin nasarar tana ga gyaran fangali. A kwaɓa taɓo a daidaita shi har ruwan santimita 5 ya rufe ko'ina ba tudu ba kwari, a ɗaga kunya ta kai taƙi guda a toshe ramukan ɓera. Ƙananan fangalai sun fi manya, domin iska tana tura gansakukar da ta taso ta tara ta a kusurwa ɗaya. A babban fili sai ka tarar kusurwar kaɗai ta amfana.

Supa mukan zuba kilo 40 a fadan, amma ba duka a lokaci ɗaya ba. Kilo 30 a cikin taɓo kafin dashe, don shinkafa. Sauran 10 a niƙa a raba biyu, a watsa a kan ruwa ranar da aka zuba irin, da kuma bayan kwana goma. Lakarmu tana da alli da yawa, tana damƙe fosfaras ta hana shi narkewa, ita kuma gansakuka a saman taɓo take zaune, wanda aka binne ba ya isa gare ta.

Yuriya ita ce inda aka fi ɓata aikin. Idan ka watsa ta a kan ruwa kwance yadda aka saba, abu biyu ne za su faru: tamu ta daina kama naitirojin, koriyar mai zare kuma ta mamaye fangalin, ta ƙara wa ruwan kanwa da rana, wani ɓangare na takin ya tashi iska a banza. Don haka kashin farko na yuriya a cikin taɓo muke kwaɓa shi kafin dashe, ko a dunƙula shi da laka kamar fura a cusa zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar kowane gindi huɗu. Cusawar tana cin lokaci da baya, amma saiwa ce take samun takin, ruwan sama kuma ya zauna ba naitirojin, yadda gansakukar take so.

Mukan dasa shinkafa tana da kwana 21 zuwa 25, tazarar santimita 20 ta kowane gefe, mu jira mako guda ta kama ƙasa ruwan kuma ya kwanta. Sa'an nan a murje irin da hannu, a gauraya da bokitin busasshen yashi don ya bazu, a watsa da yamma idan iska ta lafa, ruwa yana santimita 3 zuwa 5. Daga nan a toshe mashiga da mafita. Kwana bakwai zuwa goma ruwa ba ya fita daga fangalin, sai dai a ƙara masa a hankali gwargwadon abin da rana ta sha. Mai ba da ruwa ya gudana daga fangali zuwa fangali, maƙwabcinsa na ƙasa yake yi wa hidima. Idan babur ya lalace fangali ya bushe a wannan mako, irin bai mutu ba, amma an koma farko. Wanda ya yi yafi maimakon dashe ya jira tsiron ya fito saman ruwa da kyau, domin faifan gansakuka yana iya danne ƙaramin tsiro. In hakan ta fara faruwa ko a dashe ne, a rage ruwa na kwana ɗaya ko biyu faifan ya kwanta a taɓo.

Maganin ciyawa a yi shi kafin a zuba iri, da tazarar kwanaki, musamman masu aiki ta hanyar hana ganye cin haske irin su furofanil, domin ita ma da haske take rayuwa. Duk maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe kuwa kashe ta yake yi kai tsaye. A babban fili 'ya'yan darbejiya kilo 20 zuwa 40 a fadan ake buƙata idan masu cin ta sun yi yawa. Duk mai shiga ruwan nan ya sa takalmin roba mai tsawo.

Tana aikinta ne a makonni biyar zuwa shida na farko. Da shinkafa ta yi 'ya'ya ta rufe sama, haske ya ragu, sai ta fara mutuwa tana nutsewa. A lokacin ne mafi yawan naitirojin ɗin yake fita, bayan ta ruɓe, kuma ba duka wannan shukar take samu ba, wani kaso ƙasa ce take riƙewa sai baɗi. Wannan ya sa wanda ya saba da yuriya, da ke sa ganye ya yi duhu cikin kwana huɗu, yakan ce bai ga komai ba. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi, idan komai ya tafi daidai, kilo 20 zuwa 30 ne na naitirojin a hekta, wato kilo 8 zuwa 12 a fadan, kusan rabin buhun yuriya. Iyakarta ke nan. Mai zuba kilo 80 na yuriya a fadan yana iya rage kilo 20 zuwa 25. In ya janye duka, zangarniya za ta gaya masa. Kashi na biyu na yuriya, na lokacin da shinkafa za ta ɗauki ciki, ba mu taɓa shi ba.

Ana maimaita zuba irin damina uku ko huɗu a jere, bayan haka yakan zauna a ƙasar ya riƙa tashi da kansa, muddin ba a ƙona tattaka a kan fangali bayan girbi ba, domin a saman ƙasa yake kwance, wuta ce ta fi kusa da shi.

A damina ta farko mukan ware fangalai huɗu masu girma ɗaya, iri ɗaya, dashen rana ɗaya. Na farko yuriya da supa cikakku yadda aka saba. Na biyu an rage yuriya, ba a ƙara komai ba. Na uku an rage yuriya, an watsa supa a kan ruwa da darbejiya, amma ba a zuba irin gansakuka ba. Na huɗu an yi masa duka. Na ukun shi ne mai muhimmanci, domin a tsohuwar gonar shinkafa yakan kamo na huɗu: irin yana cikin ƙasar tuntuni, fosfaras da kariya daga masu cin sa kawai yake jira. Inda aka ga haka, ramukan raino sai a mai da su ga sabbin fangalai da ba su taɓa riƙe ruwa ba. A girbe kowane fangali daban, a bar layi biyu na gefe, a busar, a auna da sikeli ba da shawal (buhu) ba.